Ranar da Alhaji Sanda Ya Faɗo Daga Kujera

Kano, 4 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Badiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da Alhaji Sanda da su Najiba da Fatu. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Inna Turai tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi. Ita ta ce mini kin hana a kira ki a waya, sai dai a ba Oumarou direban motar shanu takarda. Ban tambayi dalili ba. Na kuma ji an ce hawan jini ya ɗan taɓa Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, rabona da ku shekara goma sha ɗaya, tun wata biyun da na yi a gidanku ina neman aiki. Na san ban kyauta ba, sai da buƙata ta taso na tuna da zumunci. Amma ba ni da kowa a Legas sai ke.

Maigidana Alhaji Ja'afar zai sallami mutum ɗaya bana. Akwai ƙaramin shago da ya faɗo a layinmu, mu biyu muke nema, ni da abokin aikina Nassirou. Ya ce kowa ya kawo kayan da zai sayar, wanda ya gamsar da shi shi ke da shago. Nassirou ya zaɓi caja da fitilun sola. Ni kuwa na zaɓi wata sabuwar na'urar gem da ta fito. Ana haɗa ta da talabijin duk gida a yi wasa, in an so kuma a zare ta a riƙe a hannu kamar babbar waya. Tana da ƙananan hannaye biyu da ake cirewa, mutum biyu su yi tare. Maigida ya yi mini dariya a gaban mutane, ya ce, "Wane magidanci ne zai sayo wa iyalinsa fitina da kuɗinsa?" Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo masa hujja.

Na sayi guda ɗaya wurin wani dila a Ikeja, da sharaɗin in ban so ba zan iya mayarwa cikin wata guda. Na ba shi kwatancen gidanku, zai kawo muku ita. Don Allah ku riƙe ta mako biyu, yara su taɓa, ke ma ki sa ido, ki gaya mini gaskiya: ta dace da gida irin namu? Mutane za su saya?

Shekarata talatin da huɗu, har yau ni ake aika sayo wa baƙi ruwa. In wannan ta wuce ni ban san ranar wata ba.

Ƙaninki,
Zayyanu

*

Agege, 13 ga Mayu

Zayyanu,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, kwalinka ma ya iso. Ka gaishe da Inna Turai, ka ce na ji daɗin labarin ƙafarta. Yara lafiyarsu ƙalau.

Wanda ya ce maka hawan jini ya ɗan taɓa Alhaji ya rage maka labari. Wata bakwai ke nan da ya faɗi a mayankar Abbatuwa yana tsakiyar cinikin bijimi. Ɓarinsa na dama ya shanye. Hannun ba ya ɗaguwa, ƙafar ja take yi, harshen ya yi nauyi. Likita ya ce a riƙa kai shi gashi sau biyu a mako wurin wani Bayarabe, Malam Abdulganiyu. Sau uku ya je, ya ce ba zai sake ba. Tun daga nan ya juya fuskarsa bango. Ka san Alhaji, mutumin da in ya ɗaga murya a kara, kasuwar shanu, sai an ji shi a bakin titi. Yau abokansa in sun zo dubiya rufe ido yake kamar mai barci, har sun gaji sun rage zuwa.

Kunnensa kuwa garau yake. Ɗaki da falo ne gidan, ka sani. Duk ranar da ya ji ina ba wani labarin jikinsa a waya, ranar ba zai ci abinci ba. Shi ya sa na hana kira. Wannan ma a shagon ɗinkina na ƙofar gida nake rubuta ta, a kan keke.

To cikin wannan hali ka aiko mini da abin wasa.

Tunda ka ce gaskiya kake so, ga ta. Kwana shida ke nan, Najiba da Fatu sun yi faɗa sau huɗu a kanta, ƴar shekara goma sha takwas da ƴar shekara goma sha biyu, ba kunya. Fatu ta makara islamiyya sau biyu. Yaran maƙwabta sun gano, falona ya koma tashar Obalende. In na yi magana Najiba ta ce, "Mama, ki bari mana, na only small play." Abu ɗaya na yaba: in an ɗauke wuta ba ta mutuwa, sai su zare ta su ci gaba a hannu. Wannan kam duk wanda ya ƙera ta kamar ya taɓa zama a Agege. Amma da Najiba ta gaya mini kuɗinta sai na ce ai wannan maraƙi ne. Wa ka sani a danginmu da zai ajiye maraƙi a kan teburin talabijin?

Maigidanka ya fi ka gaskiya. Ka nemi wani kayan tun lokaci bai ƙure maka ba, wannan kuma ka sa a zo a ɗauka. Ba don ba na son ci gabanka ba, wallahi kaina ne ba ya ɗaukar hayaniya yanzu.

Yayarka,
Badiyya

*

Agege, 19 ga Mayu

Zayyanu,

Salamu alaikum, muna nan. A tsaye nake rubuta wannan, motar da zan ba wa tana shirin tashi. Abinka ya kayar da Alhaji daga kan kujera ranar Talata. Ya yi kuka, ya yi zagi, abin da ban gani ba tun da ya kwanta. Tun ranar gidan nan bai zauna ba. Gobe da safe za mu asibiti. Ka manta da abin da na rubuta maka a baya, magana ta wuce nan. Cikakken bayani zai zo ta hannun Oumarou.

Badiyya

*

Kano, 24 ga Mayu

Yaya Badiyya,

Assalamu alaikum. Ban san da wane baki zan tambayi jikin Alhaji ba. Allah ya tashi kafaɗunsa, Allah ya sa kaffara ne.

Takardunki biyu sun same ni. Ta farko ta sa na ji kunya, ta biyu kuwa tun da na karanta ta hankalina bai kwanta ba. Na karya dokarki na kira wayarki. Najiba ce ta ɗauka, ana ta hayaniya a bayanta, ta ce, "Uncle, muna hospital da Baba, I go call you back." Ba ta kira ba. Ni kuma ban iya sake kira ba, tsoron abin da za a gaya mini nake. Oumarou har yau shiru, na je kara sau uku an ce motarsa ba ta shigo ba.

Mutumin da ya ciyar da ni wata biyu bai taɓa tambayata yaushe zan tafi ba, yau ni na aika masa da abin da ya ƙara masa ciwo. Ban gaya wa Inna ba, in ta ji ban san inda zan sa kaina ba.

Na je na sami maigida na ce na janye. Ya ce in bari wata ya ƙare mana, na ce a'a, abin da ya kayar da mara lafiya ba zan sa shi a gidan kowa ba. Na kuma kira dilan Ikeja, zai turo mutum ya ɗauke ta daga gidanku, ba sai kin sake ganinta ba.

Yaya, ki yafe mini. In Alhaji yana iya ji, ki ce masa ban yi da nufi ba. In akwai abin da asibiti suka nema ki faɗa, ko babur ɗina ne zan sayar.

Zayyanu

*

Agege, 30 ga Mayu

Zayyanu,

Wa'alaikumus salam. Ba zan ce maka muna lafiya ba.

Me ka yi mini haka? Sau tara na kira ka jiya da shekaranjiya ba ka ɗauka ba. Takardarka ta iso bayan mai ɗaukar kaya ya riga ya zo ya tafi. Yanzu nake jin motar Oumarou ta lalace a Mokwa, doguwar takardar da na rubuta maka tana can cikin aljihunsa. Laifina ne da na rubuta maka guntuwar magana a tsaye. Amma kai ma, a ce mutum ya faɗi, ba za ka jira ka ji yadda ya faɗi ba?

Ga abin da ya faru. Ranar Talatar nan da azahar aka ɗauke wuta. Najiba ta zare abin daga talabijin ta shiga ɗaki ta zauna a ƙarshen gadon babanta, don nan ne iska ke shigowa. Akwai wani wasa a ciki da ake mirgina ƙwallo a kayar da kwalabe goma. Tana ta yi tana kuskurewa. Ina ninke kaya sai na ji an ce, "Hagu." Na waiwaya. Alhaji ne, ya juyo daga bango yana kallon hannunta. Ta karkata hagu, kwalabe suka zube. Muka yi kamar ba mu ji ba, tsoro muke kada ya ankara ya koma.

Da aka kawo wuta sai ya nuna falo da haɓa. Muka kama shi muka zaunar a kujera. A talabijin wasan ba danne-danne ba ne, sai ka riƙe ɗan hannun nan ka wurga hannunka kamar da gaske. Ya yi da hagu sau biyu. Fatu, da ba ta san abin da ake ɓoyewa ba, ta ce, "Baba, ai da dama ake yi." Na zabura zan kwaɗe ta, sai ya zuba wa Najiba ido. Ta ɗaura masa igiyar abin a wuyan hannun dama. Ya yunƙura, hannu ya ƙi. Ya sake. A na uku ya wurga da jikinsa duka, ya tafi gaba ɗaya ya faɗo ƙasa. Kwalba ɗaya ta faɗi.

Yana kwance a kan leda yana hawaye yana zagin hannun, ɗan kaza ɗan kaza, irin zagin kara da na hana shi yi a gida shekara ashirin. Na durƙusa ina salati. Sai ya ce, "Ku tashe ni. Saura tara." Zayyanu, wata bakwai ban ji magana mai kai da gindi daga bakinsa ba sai ranar.

Asibitin da ka ji, shi ya ce a kai shi. Malam Abdulganiyu ya ce mini abin ba magani ba ne, kada in ɗauka magani ne, amma duk abin da zai sa Alhaji ya ɗaga hannun nan da son ransa, a bar masa. Kwana tara muka yi a haka. Da safe a gado da abin a hannu, da la'asar a falo da yara, ana ihu ana gardamar wa ya ci. Har kwalba huɗu ya kayar da dama.

Ranar Alhamis na tafi sayen zare. Mutum ya zo da rasit da saƙonka a waya, Fatu ta haɗa masa komai a kwali. A gaban Alhaji aka yi, yana zaune a kujera, bakinsa bai yi saurin da zai hana ba.

Ya ɗauka ni na sa. Ya sha jin ina kiran abin fitina a farko. Kuma ana gobe za a ɗauke ta, wani abokinsa ya same shi yana wasan, ya ce, "Alhaji, an koma yarinta ke nan?" Da na dawo na same shi a gado. Kalma uku ya ce mini: "Kin ji kunyata." Na rantse, na yi kuka, bai juyo ba. Yau kwana uku, koko kawai yake kurɓa, shi ma sai Najiba ce ta ba shi. Gashin jiya bai je ba.

Don girman Allah ka kira mutumin nan ya dawo da ita. Ba ruwana da maigidanka, ba ruwana da ko za ta sayu. Na ga mijina ya dawo kwana tara, ba zan iya sake binne shi da rai ba.

Badiyya

*

Kano, 6 ga Yuni

Yaya,

Salamu alaikum. Yaya jikin Alhaji? Ya ci wani abu?

Takardarki ta talatin ga wata da wadda ta kwana a Mokwa rana ɗaya suka zo, ta Oumarou duk baƙin mai. Na karanta su a bayan shago. Kiranki da ban ɗauka ba, na zata rasuwa za a gaya mini.

Nan take na kira dilan. Ya ce a ranar da aka mayar da ita wani ya saya. Babu sauran ko ɗaya a wurinsa, sai sabon kaya ya sauka, ko mako uku ko huɗu, kuma kuɗin ya tashi, abin da ya mayar mini ba zai sake sayenta ba. Na zaga Kano, wanda ya san ta ma kaɗan ne. Na sa babur ɗina a kasuwa, har yanzu ba a taya da daraja ba.

Shago kuwa an ba Nassirou tun ran ɗaya ga wata. Duk da haka na kai wa maigida takardarki, ban san me nake nema ba. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Amma Zayyanu, mara lafiya ɗaya ba kasuwa ba ne." Ni kaina ban san ko ƙarya ya yi ba.

Na rasa shago, na kuma karɓe wa Alhaji abin da ya tashe shi, duka da hannuna. Ki gaya masa ni ne. Kada ya riƙe ki da laifin da ba naki ba. Ko ba zai sake kallona ba, ya ci abinci.

Zayyanu

*

Agege, 15 ga Yuni

Ƙanena Zayyanu,

Wa'alaikumus salam. Yara lafiya. Alhaji yana cin abinci. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune.

Da takardarka ta zo na rasa dabara. Ya rame, idonsa ya faɗa, in na shiga ɗaki rufe ido yake. Sai na kwaso takardunka duka na zauna a bakin gado na ce, "Alhaji, ko ka ji ko kada ka ji, zan karanta." Na karanta masa tun daga ta farko. Na kuma gaya masa abin da ni na rubuta maka a kansa, har da juya fuska bango, ban rage ba. Na san zai iya ƙullatata har abada, amma ba ni da sauran abin da zan rasa.

Na gama. Can ya ce, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Ya bar shago... don ni?" Na ce e. Ya ce, "Sakarai." Ya daɗe yana numfashi, sannan ya ce, "Ba a janyewa... kafin a ga gawa." Sai ya ce in ɗauko masa babbar riga.

Na zata ruɗewa ce. Ashe Ikeja yake so a kai shi. Na ce jikinka, ya buga katifa da hannun hagu. Muka ɗauki tasi ni da shi da Najiba. Tun da ya kwanta, ban da asibiti, bai taɓa fita ba. Mutum biyu suka taimaka muka shigar da shi shagon dilan, ga cunkoso, ga mutane suna kallon bakinsa da ya karkace. Ni na ji kunyar, shi ko a jikinsa. Ya sa aka ba shi kujera a gefen ƙofa, ya zauna awa biyu yana kallon masu shigowa, kamar yadda yake zama a kara kafin ya taya bijimi.

Bayan nan ya sa aka kira dilan. Ban taɓa ganin ciniki irin wannan ba. Kalma ɗaya sai ta ɗauke shi lokacin da wani zai yi goma, mutumin ya ƙosa, ya ce, "Baba, abeg, wetin you want?" Alhaji bai yi sauri ba. Sai da ya sa shi ya yarda cewa in kaya sun sauka zai ajiye mana ɗaya a tsohon farashi, ya kuma rubuta ya sa hannu.

Ga saƙonsa gare ka. Kwana biyu yana faɗa ina rubutawa. Ya ce a zamansa mutum goma sha ɗaya suka tambayi abin, yawancinsu da yara a hannu, biyu kawai suka rubuta suna a jerin masu jira. Sauran da suka ji kuɗin sai suka ja yaransu suka fita, yaran suna waiwaye. Ya ce maigidanka ya yi gaskiya, gidaje irin namu ba za su saya ba. Ya ce kai ma ka yi gaskiya, suna so. Ya ce waɗanda suka fita ɗin nan su ne kasuwarka: kada ka sayar, ka ba da haya, mako-mako, gida-gida, ka fara da guda biyu. Ya ce kada ka karyar da babur, ka taho da shi nan Legas. Rabin shagon ɗinkina naka ne, shi ya yanke, bai ma tambaye ni ba.

Ban san ko wannan shawara za ta ci ba, Zayyanu. Wataƙila a lalata maka kaya a mako na farko. Kuma kada ka zo da zaton ya warke. Mako biyun da ya yi kwance sun mayar da hannun baya, jiya cokali ma ya gagare shi, Malam Abdulganiyu kuma ya ƙi yi mini alkawarin komai. Akwai safiyar da nake tashi da tsoron in same shi ya sake juyawa. Ni dai abin da na sani, yau da hantsi ya sa Fatu ta jera masa robobin ruwa a tsakar gida, yana wurga musu lemo da dama, yana faɗa wai an jera su a karkace.

Oumarou zai taso ranar Asabar, na gaya masa ya ajiye maka wuri. Ka roƙi Inna Turai ta sa maka albarka, ka gaya mata komai.

In kun iso Pen Cinema, nan kusa da mu, ka kira wayata, yanzu an ɗage doka. Kada ka manta, kuma kada ka tsaya gaishe-gaishe a hanya. Ya ce a tsaye zai tarbe ka a ƙofar gida, ƙafar kuwa ba ta ɗaukarsa fiye da minti biyar.

Yayarka,
Badiyya